Wake Sittin a Aljihun Kuwabara

Biyar da rabi a Takasaki,
iskar dutse na yankan kunne.
Mu goma sha huɗu a bakin filin sofbol
mun sunkuya mun gai da ƙasa
kafin ƙafa ta taka ta.

Ba a taɓa ƙwallo da sanyin jiki.
Dokar tsoho Kuwabara ke nan.
Ya ce kafaɗa kakin zuma ce:
lanƙwasa ta da sanyi, ta tsage,
ɗumama ta, ta bi ki duk inda kika nufa.
Sai mu zaga fili sau uku da sassarfa,
mu miƙe cinya, mu murɗa ƙugu,
mu ja igiyar roba da ke ɗaure a shinge
har gumi ya keto ta ƙarƙashin hula.

Ni ce mai cafewa. Sana'ata tsuguno.
In durƙusa in tashi, in durƙusa in tashi,
rabin buhun shinkafa rungume a ƙirji,
don kada gwiwa ta ci amanata ranar wasa.
Tafina na hagu ya yi kanta
duk da kaurin safar fata.

Chisato ce mai jifa.
Hannunta ya zaga sama, ya dawo ta gefen ƙugu,
sai in ji tas! a cikin safa
tun ido bai gama ƙiftawa ba.
Tsoho na tsaye, wake sittin a aljihun dama.
Jifa ɗaya, ƙwaya ɗaya ta koma hagu.
In dama ta ƙare, an tashi.
Ta roƙa, ta ɗaure fuska, ta buga ƙafa,
shi dai ya zazzage aljihu: babu.

Ashe in dare ya raba
tana zagawa bayan rumbun kakanta,
ta jefi bango ɗari, ɗari da hamsin,
daga ita sai fitila sai karen maƙwabta.
Na sani. Na yi gum.
Wai ni mai riƙon sirri.

Makon da furen ceri ya buɗe
ta ɗaga hannu za ta ɗaure gashi,
hannun ya tsaya a rabin hanya.
Garin neman gira.

Mako tara tana kan benci,
ƙunshin ƙanƙara a kafaɗa,
tana kallonmu muna tsere daga tasha zuwa tasha,
muna dukan ƙwallo a kan turke
sau ashirin da nutsuwa,
domin tsoho ya ce duka ɗari na ganganci
ba ya koya wa hannu komai sai ganganci.

Bai yi mata faɗa ba.
Ran da likita ya sake ta
ya buɗe tafinta ya zuba wake goma.
Ya ce, Jifa ba a hannu yake ba, 'yata,
daga ƙafa yake tasowa,
ya ratsa ƙugu, hannu ɗan aike ne kawai.
Je ki ci kifinki da shinkafa,
sha ruwa tun ƙishi bai kira ki ba,
ki yi barci kamar an biya ki.
Litinin kuma kada in ga ƙwallo a hannun kowa.

Goma ta zama sha biyar.
Sha biyar ta daɗe ba ta motsa ba.
Sai da semi suka fara kuka a bishiyoyi
muka sake ganin sittin.

Jiya da dare na bi ta bayan rumbun nan,
ban gaya wa kowa ba.
Tabon ƙwallo na nan a bango,
gansakuka ta fara cin gefensa.
Tagar Chisato duhu.
Karen ya ɗago kai ya dube ni,
ya mai da haɓa kan ƙafafunsa.